Filafilin Tsere a Kamyon Yacuba

Komitin bikin jamhuriya na Gaya ya soke tseren jirgin mutum ɗaya daga shagalin bana, ya ba da lokacinsa ga jerin gwanon kamyo, manyan motocin kaya, a kan gada. Ba su kira Hamani sun gaya masa ba, shi da ya riƙe wannan tsere tun kafin wasunsu su san hanyar gulbi. A bakin mai tuyar ƙosai ya ji labarin, kamar labarin akuyar da ta ɓata.

Hamani wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce na ɓoye inda na tsaya. Ni ce Madina mai koyar da ƴan mata a lakwal, makarantar boko. Shi bai taɓa zama a aji ba. Mai fito ne, ɗan mai fito. Kafin a gina gada, duk wanda zai ƙetare gulbi zuwa Malanbil ta ƙasar Dahome, da buhun gero ne ko da amarya, a jirginsa ko na ire-irensa yake shiga.

Ga wanda bai sani ba, tsere iri biyu ne a gulbinmu. Akwai na babban jirgi, wanda unguwa ke cikawa da majiya ƙarfi, makaɗi na tsakiya, shi ne kowa ke turereniyar kallo. Akwai kuma na ƙaramin kwale-kwale, saurayi shi kaɗai da filafilinsa na tuƙi, ya tashi daga mashigin fito ya zagayo tsibirin yashi ya dawo. Wannan na biyun shi ne ƙofa. Ba a ba saurayi wurin zama a babban jirgi sai an ga yadda ya yi shi kaɗai, ranar da ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Ku duba babban jirgin unguwar ku bana, ku ga furfura nawa ce a ciki, sannan ku zo mu yi magana.

Ladan ƙaramin tseren ba riga ba ne, ba rago ba ne. Wani tsohon filafili ne na itacen kirya, baƙi wuluk, hannuwa sun goge mariƙinsa har yana sheƙi. Wanda ya ci yana riƙe shi shekara, ranar tsere ya sauko da shi bakin ruwa ya miƙa wa sabon gwani da hannunsa. Wanda bai taɓa ci ba, ba ya taɓa shi ko da ɗan yatsa. Kuma ba a roƙonsa. Ɗan gulbi ba ya buɗe baki ya ce a ba shi, ko a dawo da shi. Tsofaffi suka ce cinsa ake yi. Saurayi kuwa, ranar da aka ɗaura masa aure, ya fita daga tseren ke nan har abada.

Hamani bai taɓa taɓa filafilin nan ba.

Shi da Yacuba sa'o'in juna ne, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya, tabarma ɗaya suka yi jinya. A shekararsu ta ƙarshe ta samartaka, su biyu suka bar sauran a baya. Ina ƙarama a lokacin, ina tsaye a kan tudu da zanen innarmu a hannuna. Hamani ne a gaba da suka shiga bayan tsibiri. Da suka fito, Yacuba ne a gaba, da ɗan abin da bai fi hancin jirgi ba, haka kuma suka iso. Har gobe Hamani cewa yake Yacuba ya yanke ta wurin da ruwa ba zurfi, ya kafa filafili a yashi ya tura, abin da doka ta hana. Yacuba cewa yake Allah ne ya ba shi. Bayan tsibiri babu shaida sai balbela. An riga an kai goron Ajuma, wadda Hamani zai aura, a lokacin, ana gama girbi aka ɗaura aure, ƙofa ta rufe a bayan Hamani.

Yacuba ya riƙe filafili shekararsa, ya miƙa wa na bayansa kamar yadda ake yi, sai ya bi wata mota zuwa Paraku. Ya daɗe can yana wanke ƙafafun motar wani. Ya dawo shofer, mai tuƙin mota, daga baya ya dawo da kamyon kansa, yana jigilar gyaɗa zuwa bakin dogo. Ya yi tumbi, ya yi agogo, ya gina ɗaki da rufin kwano.

Hamani ya zauna a bakin ruwa. Shi ke ajiye ƙananan jiragen tsere a ƙarƙashin gawon mashigi, shi ke toshe ɓarakarsu da tsumma da man kaɗanya, shi ke koya wa samari yadda ake zama a tsakiya ba tare da an yi wa jirgi nauyi a gefe ba. Gwanayen da suka ci filafili bayan Yacuba, da wuya ka sami wanda bai bi ta hannunsa ba. Yana tsaye ake miƙa shi daga hannu zuwa hannu, shi nasa hannuwan suna bayansa a harɗe.

Kishin Yacuba kuwa bai taɓa sakinsa ba, kuma bai iya ɓoye shi ba. Ya san kukan kamyon tun yana gefen Dahome. Da ya ji, sai ya juya kujerarsa ya ba hanya baya, ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. Ranar da aka ce masa Yacuba ya kawo rediyo, cewa ya yi, "Rediyon ya iya iyo?" Ajuma kuwa ba ta raga masa. In ya fara tsohon labarin bayan tsibiri a kan tuwo, sai ta ce, "Malam, in filafilin ne ya hana ka cin abinci, sake ni mana. Ka koma tuzuru ka shiga tseren, in ka ci ka dawo da ni."

"Ke ce kika ja mini," in ji shi.

"Ni na ja maka? Kai ka riƙa aiko mini da kifi har uwata ta gaji da soyawa."

Sai gada ta zo. Ban ce gada mugun abu ce ba, ni ma a kanta nake bi in zan je kasuwar ƙetare. Amma ta kashe fito a rana ɗaya. Masu jirage suka koma kamun kifi, wasu suka koma noman shinkafa a wajen Tanda. Samari kuwa suka ɗaga kai sama. Daga cikin kwale-kwale suna kallon kamyo na wucewa a bisa kansu, aparanti, yaron mota, na zaune a kan kaya yana kaɗa ƙafa, da hular da ya saya a Kwatano. Wa zai zauna yana kwarfar ruwa da ƙwarya?

Jibo ne ya karya masa zuciya. Ɗan yayarmu ne da ta rasu, a ɗakin Ajuma ya girma, kuma ban taɓa ganin wanda jirgi ke jin maganarsa kamar yaron nan ba. Shekarar da muka sami mulkin kai shi ya ci tsere, da tazarar da ba ta bar wa kowa gardama ba. Hamani ya sa aka rataye filafilin a zaurensa. Shekara guda yana kwana da shi a gida ɗaya, yana wucewa ta ƙarƙashinsa, yana hana ƴaƴansa matsawa kusa, shi kansa bai taɓa ba. Kafin wani tseren ya zagayo, Jibo ya hau kamyon Yacuba a matsayin aparanti. Kuma da yake yaro ba ya zuwa wurin sabon maigida hannu rabbana, sai ya sauke filafilin daga zaure ya tafi da shi.

Ranar biki ta zo, kamyon yana Paraku. Aka yi tsere, wani yaron unguwar masunta ya ci, ya fito daga ruwa ya tsaya yana waige-waige, hannunsa wayam. Aka tafa masa aka watse. Shekara ta gaba ma kamyon ya sami lodin da ya hana shi zama gari. Samari suka fara cewa, wa zai karya ƙugunsa don tafi kawai? Kowa a garin nan ya san inda filafilin yake. Ba ɗan gulbi ko ɗaya da zai iya zuwa ya ce a dawo da shi, don ba a roƙonsa. Haka manyan maza masu gemu suka zauna suna kallon tseren yana mutuwa, kowa na kare mutuncin bakinsa.

Da damina ta ja baya bana, Hamani ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau tasha, inda samari ke zaman jiran ko wani shofer zai ce su ɗauko masa ruwa. Ya zauna a kan benci a tsakiyarsu.

"Baba Hamani, ka ɓata hanya ne? Gulbi yana can ƙasa," in ji ɗaya.

"Na zo in ga masu jiran mota ne. An ce mini har gindinku ya yi kanta."

"Gara kanta da ciwon sanyi, Baba."

"Kai ɗan wa ne? Af, jikan Idi mai taru. Kakanka ya ƙetare gulbin nan da saniya a cikin jirgi, kai ko kaza aka ba ka sai kun nutse tare."

Aka yi dariya, shi ma yaron ya yi. Hamani ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Ku ji. Wanda ya iya riƙe hancin jirgi a bayan tsibiri, inda ruwa ke murɗawa, bolan ɗin mota, abin tuƙinta, wasan yara ne a hannunsa. Ku tambayi duk shofer ɗin da ya fito daga gulbi."

Bai tsaya nan ba. Ya jawo ƙananan jiragen daga ƙarƙashin gawo ya shafa musu launi, shuɗi da ja da rawaya, irin na jikin kamyo. Ya zo gidana da gwangwani da tsinke.

"Madina, rubuta mini suna a jikinsu, kamar yadda suke yi wa motocinsu."

"Yaya, kai da ke juya wa mota baya?"

"Rubuta kawai. Ba shawara na zo nema ba."

Na rubuta abin da ya faɗa. Ɗaya *Ba Na Shan Mai*, ɗaya *Gada Ta Tarar Da Mu*. Har ƙahon roba ya samo, irin wanda ake matsawa a mota, ya ɗaure a hancin wanda ya fi gudu. Tsofaffin masu fito suka ce ya zubar da girman jirgi. Amma samari suka sauko. Da farko don su matsa ƙahon su yi dariya, daga baya don ɗaya ya ga ɗaya ya wuce shi. Bayan sallar asuba sai ka ji bakin mashigi ya cika da hayaniya kamar da. Hamani yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana zagin kowa da sunan kakansa. Ajuma ta ce rabon da ya cinye tuwonsa tas haka tun kafin gada.

Maganar da ya yi a tasha ita ta dawo ta cije shi. Ta kai kunnen Yacuba, Yacuba kuma ya ce gaskiya ne, ai shi ma daga gulbi ya fito. Sai aka fara ganinsa da safe a kan gada, ya jingina da ƙarfe yana cin goro yana kallon ƙasa. Saurayin da ya fi kyan hannu a wannan mako, mako mai zuwa sai ka gan shi a bayan kamyo, ko na Yacuba ko na abokansa. Jikan Idi ne ya fara tafiya. Wasu suka bi. Hamani na dasawa, Yacuba na tsaye a kan gada yana zaɓen wanda ya nuna. Kafin sanyi ya shigo sosai, saura biyu a bakin ruwa: Isa, ɗan masunci, da Sa'idu, wanda mota ke sa shi amai.

Ranar da abin ya ishi Hamani, ina dawowa daga lakwal na gan shi ya nufi tasha da sauri, ba rigar Juma'a wannan karon, da laka a ƙafarsa. Na bi shi. Kamyon Yacuba na tsaye, an ɗaga murfin moter, wato inji, Jibo ya tura kai ciki. Abin da aka tokare murfin da shi, filafilin ne. Baƙin mai ya bi mariƙinsa.

Hamani ya tsaya kamar an kafa shi. Jibo ya ɗago, ya gan shi, ya durƙusa a inda yake.

"Kawu, ina wuni."

Hamani bai dube shi ba.

Yacuba ya taso daga inuwa yana gyara agogo. "A'a, sarkin ruwa da kansa. Yau gulbi ya ƙafe ne?"

"Sandar tokare ta ƙare a Dahome?"

Yacuba ya waiga, ya ga abin da yake kallo. Na ga kunya ta ɗan gifta a fuskarsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya daka wa wani yaro tsawa ya kawo itace, ya zare filafilin da kansa, ya goge shi da gefen rigarsa. Shi yana da ikon taɓawa, ai ya ci. Sai ya miƙo shi, a tsakiyar tasha, a gaban samarin da Hamani ya koya wa zama a jirgi.

"Ungo. Ko ka ce in ba ka, in ba ka. Kalma ɗaya ce, Hamani."

Hamani ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe.

"Ka san ba zan karɓa ba, shi ya sa ka miƙo."

"To ni mi zan yi maka? Ka ƙi roƙo, ka ƙi karɓa."

"Ka kafa a yashi, Yacuba."

"Har yanzu muna bayan tsibirin nan?" Yacuba ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya rage murya. "Kai kake ganin na kwashe maka samari. Shinkafata suke ci, motata suke hawa, amma in muka kwana a hanya hirar wa suke yi? Baba Hamani ya ce, Baba Hamani ya zagi wane. In muka hau gada duk sai su leƙa ƙasa, har wannan," ya nuna Jibo da haɓa. "Ni ba wanda ya taɓa ce mini Baba. Patron suke ce mini, maigida kawai."

"To ka sake su."

"Kai za ka ciyar da su?"

Hamani ya juya ya sauka. Yacuba ya tsaya da filafili a hannu kamar bai san inda zai ajiye shi ba, daga ƙarshe ya rataye shi a cikin kabin, bayan kujerarsa. Can yake har yau. Na ce wa Jibo, "Kai kuma ba ka da baki?" Ya ce, "Inna, ni yaron mota ne yanzu." Na ce masa ai na gani.

Bayan wannan ne komite ya zauna. Yacuba yana cikinsu, don shi ke ba da kamyon da ke ɗauko makaɗa daga Bengu. Da labarin mai ƙosai ya iso ni, na je na sami shugabansu, Zakariya'u, a ƙofar gidansa.

"Madam, jirgi biyu ba tsere ba ne," in ji shi. "Baƙi za su zo daga Dosso. Ƙasa sabuwa ce, ya kamata su ga mun ci gaba."

Na ce, "Su biyu ne a bayan tsibiri, Hamani da Yacuba, garin nan bai gama maganar ba har yau."

Ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawa.

Ina jin haushi, kuma ba na ɓoyewa. Ina jin haushi in ga an kafa wa Yacuba kujera a inuwar rumfa kusa da baƙi, matarsa da mayafin Kwatano, ana nuna shi ana cewa ga ɗan gari mai taimakon matasa. Matasan wa? Wa ya tsaya cikin ruwan sanyi yana gyara musu zama? Wana yana can ƙarƙashin gawo, har yanzu kullum da safe yana fitar da Isa da Sa'idu, yana zaginsu, yana sa su zagaya tsibiri, bai gaya musu an soke ba. Sun sani. Suna zuwa ne don kada ya tsaya shi kaɗai. Isa kuwa an riga an kai goronsa, bayan biki za a ɗaura. In bai yi tsere bana ba, ƙofa ta rufe masa, ya zama wani Hamanin, mai harɗe hannu a baya.

Ɗan gulbi ba ya roƙon filafili. To, ni ba ɗan gulbi ba ce. Mace ce ni, ban taɓa zama a jirgin tsere ba, dokar ba ta ɗaure bakina ba, kuma ba roƙo nake yi ba.

Malam Zakariya'u, kai da mutanen komitenka, ku mayar da tseren jirgin mutum ɗaya wurinsa, da hantsi, kafin babban jirgi, kamar yadda kuka tarar da shi. Kamyo su jira, ba nutsewa za su yi ba. Yacuba, ranar bikin nan motarka ba ta da lodi a Paraku, kowa ya sani, tun da kai ne a gaban jerin gwano. Ka sauke abin da ke rataye a bayan kujerarka ka mayar wa Jibo, don a hannunsa gulbi ya bar shi, ba a naka ba. Kai kuma Jibo, ka wanke baƙin man nan, ka sauko bakin mashigi da ƙafarka, ka tsaya kusa da kawunka, ka miƙa wa wanda ya fara fitowa daga bayan tsibiri, ko Isa ne ko Sa'idu.